Me ake nufi da "tsari mai sassauci" a maganar sauyin yanayi?

A tarurrukan sauyin yanayi yanzu sai ka ji ana ta kiran gwamnatoci su yi "tsari mai sassauci". Wasu na ɗauka nufinsa a naɗe hannu a jira a ga abin da zai faru. Ba haka ba ne ko kusa.

Masana sun haɗu a kan cewa duniya na ɗumama. Amma tambaye su ko damina za ta ƙaru ko za ta ragu a Sahel nan da shekara 50, sai ka ga lissafinsu na kwamfuta ya rabu, wani ya nuna ruwa, wani ya nuna fari. To mai gina madatsar da ake so ta yi shekara 60, maganar wa zai kama? A nan tsari mai sassauci ya shigo. Za ka fara da aikin da zai amfane ka ko an yi ruwa ko ba a yi ba, ka tanadi hanyoyi biyu ko uku na gaba, sannan tun yau ka rubuta alamar da idan ta bayyana za ka bar wannan hanya ka kama waccan.

Landan ce misalin da aka fi kawowa. Ambaliyar teku ta 1953 ta kashe mutum sama da 300 a gabashin Ingila, abin da ya kai ga gina shingen kogin Thames, mai tare ruwan teku kada ya mamaye Landan, wanda ya fara aiki a 1982. Da ake tunanin makomarsa, Hukumar Muhalli ta Ingila ta fitar da shiri a 2012 wanda ya hango har 2100. Ba ta ce a yi maza a gina sabon shinge ba. Ta jera zaɓuɓɓuka, ta ware alamomi 10 da za a riƙa aunawa, ciki har da tsayin teku da lafiyar katangun bakin kogi, tare da bita duk shekara 5. Awo ya nuna teku na hawa da sauri, sai a 2023 aka dawo da lokacin ɗaga katangun cikin birni daga 2065 zuwa 2050. Ranar ta canza, shirin bai rushe ba, domin dama an gina shi ne don ya canza.

Kwatanta wannan da aikin noman rani na kudancin tafkin Chadi a yankin Marte, jihar Borno. An tsara shi ne bisa cikar tafkin a shekarun 1960, lokacin da faɗinsa ya kai kusan murabba'in kilomita 25,000. Aka haƙa magudanai, aka kafa injinan jan ruwa. Sai farin shekarun 1970 da na 1980 ya zo, tafki ya ja baya ya bar bakin magudana a bushe. Abin da ke ci mini rai shi ne, ba ƙwarewa injiniyoyin suka rasa ba. Hanya ɗaya tak aka shata musu, babu ta biyu.

Manominmu ya san wannan dabara tun kaka da kakanni. Yana haɗa gero da dawa da wake a gona ɗaya, ya yi binne, ya ɓoye sauran iri ko ruwan farko zai yaudare shi. Bambancin kawai, shi damina ɗaya yake wa shiri, gwamnati kuwa shekaru 50 ko 100.

A ganina inda gizo ke saƙa shi ne awo da kuɗi. Alamar da babu mai dubanta ba alama ba ce. In babu ma'aunin ruwa mai aiki a kogin Haɗeja ko Komadugu Yobe, wa zai ce lokacin sauya hanya ya yi? Holan, wadda ta rasa mutum fiye da 1,800 a ambaliyar 1953 ɗin nan, ta ɗaure shirinta na kariya daga ambaliya da doka a 2012: akwai kwamishina na musamman, akwai asusun da aka keɓe, kuma kowace shekara cikin watan Satumba sai an kai wa majalisa shirin da aka sabunta.