Numfashin da muke fitarwa ba iska ce kawai ba

Tun muna firamare aka koya mana cewa mutum yana shaƙar iska mai kyau, ya fitar da gurɓatacciya, shi ke nan. Da wannan muka girma, muna ganin numfashin da ya fita ba shi da wani amfani. Ba haka abin yake ba.

A 1971 masanin kimiyya Linus Pauling ya tace numfashin mutum, ya sami sinadarai kusan 250 a cikinsa. Jini ne ke kwaso da yawa daga cikinsu daga sassan jiki, ya sauke su a huhu. Shi ya sa idan ciwon sukari ya rikice, bakin mutum kan yi ƙamshi kamar na 'ya'yan itace.

Ƙwayoyin sankarar huhu kuwa ba sa sarrafa abinci yadda lafiyayyu ke yi, don haka haɗin sinadaran da suke fitarwa daban ne. Masu bincike suna sa majiyyaci ya hura iska cikin na'urar da ake kira hancin lantarki kafin a fara magani da kuma bayansa, su ga ko haɗin ya sauya, domin hakan na iya nuna ko maganin yana aiki. Wannan ya fi taɓa min zuciya, domin wanda ke fama da wahalar magani yakan jira makonni kafin hoton CT, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka a asibiti, ya nuna ko maganin yana aiki.

Har yanzu dai gwaji ake yi. Taba, abinci, har iskar ɗakin suna iya ɓata sakamakon, kuma da hoton CT likitoci suke yanke hukunci.