Rikicin Blitzchung da Kamfanin Blizzard (2019)

Rikicin Blitzchung taƙaddama ce da ta ɓarke a watan Oktoban 2019, bayan kamfanin wasannin bidiyo na Amurka, Blizzard Entertainment, ya hukunta wani ɗan wasan Hearthstone (wasan kati na intanet mallakar kamfanin) ɗan asalin Hong Kong, Ng Wai Chung, wanda aka fi sani da Blitzchung, saboda kalaman siyasa.

A lokacin Hong Kong na fama da zanga-zangar adawa da ƙudirin dokar miƙa waɗanda ake tuhuma ga hukumomin China. Ranar 6 ga Oktoba, bayan ya ci wasansa a gasar Grandmasters, aka yi hira da shi kai tsaye a tashar kamfanin ta Taiwan. Ya bayyana sanye da takunkumin fuska irin na masu zanga-zanga, ya kuma furta takensu na neman 'yantar da Hong Kong.

Ba a rufa kwana biyu ba hukunci ya sauka: dakatarwa ta shekara guda, ƙwace kuɗin da ya ci, kimanin dala 10,000, da sallamar masu sharhi biyu da suka yi hirar. Kamfanin ya dogara ne da sashe na 6.1 na dokokin gasar, wanda ya hana duk abin da zai ɓata wa wani ɓangare na jama'a rai ko ya zubar da mutuncin Blizzard. Wa zai tantance hakan? Dokar ta bar wa kamfanin shi kaɗai. Nan gizo ke saƙa. A ƙwallon ƙafa ba wanda ya mallaki wasan kansa, kuma akwai kotun wasanni da ake ɗaukaka ƙara. A nan kuwa kamfani ɗaya ne mai wasan, mai shirya gasa, mai rubuta doka kuma alƙali, ɗan wasan da ya kora ba shi da wani filin da zai koma.

Masu suka sun ce tsoron rasa kasuwar China ne ya sa haka, ganin cewa a lokacin kamfanin Tencent na China na da kusan kashi 5 cikin ɗari na Activision Blizzard, uwar kamfanin Blizzard, kuma wani kamfanin China, NetEase, ne ke tafiyar da wasanninsa a can. Masu wasa suka yi kiran ƙaurace wa kamfanin, wasu ma'aikatansa suka fito zanga-zanga a hedikwatarsa da ke Irvine a jihar California. 'Yan majalisar Amurka daga jam'iyyu biyu, ciki har da Ron Wyden da Marco Rubio da Alexandria Ocasio-Cortez, suka rubuta wasiƙar neman a janye hukuncin.

Cikin mako guda da yanke hukuncin, tun kafin wannan wasiƙa, shugaban Blizzard na lokacin, J. Allen Brack, ya rage dakatarwar zuwa wata shida, ya mayar da kuɗin, ya kuma musanta cewa alaƙarsu da China ta yi tasiri. A BlizzCon, taron kamfanin da masoya wasanninsa, a watan Nuwamba ya nemi afuwa kan gaggawar da suka yi, amma bai ɗage hukuncin ba.

Sauran kamfanoni sun rabu. Riot Games, mallakar Tencent, ya nemi 'yan wasa da masu sharhi su guji batutuwan siyasa da addini a shirye-shiryensa. Tim Sweeney, shugaban Epic Games, inda Tencent ke da kashi 40 cikin ɗari a lokacin, ya ce ba zai hukunta ɗan wasan Fortnite, wasan kamfaninsa, kan irin wannan magana ba.