Ƙayyade Farashi: Me Ake Nufi, Kuma Wa Ke Biyan Cikon?

Duk lokacin da kaya suka yi tashin gwauron zabo, kira ɗaya ake ji ta ko'ina: gwamnati ta ƙayyade farashi. Ba na ganin laifin mai wannan kira. Magidancin da albashinsa ke kai shi ƙarshen wata bara, bana kuma ko mako uku ba ya kaiwa, sauƙi yake nema, kuma yana da haƙƙin ya nema. Sai dai kalmar tana bakin kowa, amma ba kowa ya tsaya ya duba abin da ke cikinta ba, alhali talakan da ake son a taimaka shi ne farkon wanda sakamakonta ke faɗawa a kansa, mai daɗi ko mara daɗi.

Ƙayyade farashi shi ne hukuma ta kafa doka a kan kuɗin da za a sayar da wani abu, maimakon ta bar mai saye da mai sayarwa su daidaita tsakaninsu. Iri biyu ne. Akwai iyaka ta sama, wato a ce kada wanda ya sayar fiye da kaza. Masana tattalin arziki na kwatanta ta da rufin ɗaki, komai tsallenka ba ka wuce shi. Ana yin ta don kare mai saye, kamar a kuɗin haya, man fetur ko magani. Akwai kuma iyaka ta ƙasa, mai kama da daɓe, wato kada a saya ƙasa da kaza. Ita mai sayarwa take karewa: manomi a kan amfanin gonarsa, ko ma'aikaci a kan guminsa, wanda shi ne mafi ƙarancin albashi.

Kafin a gane abin da dokar ke yi, sai an san daga ina farashi ke fitowa. Masanin Ingila Alfred Marshall, a 1890, ya kwatanta shi da yankan almakashi: ba a cewa bakin sama ne ya yanka takarda ko na ƙasa, su biyun ne. Baki ɗaya shi ne buƙatar masu saye, ɗayan kuma yawan abin da masu kaya suka yarda su fito da shi. Idan abu ya yi araha masu nema sukan ƙaru, masu kawowa su ragu. Idan ya yi tsada sai labari ya juye. Inda abin da ake nema ya yi daidai da abin da ake kawowa, nan farashi ke zama.

Saboda haka tsada tana ɗauke da saƙo guda biyu. Tana gaya wa mai saye ya tsimi abin domin ya yi ƙaranci, tana kuma gaya wa mai kaya ya ƙaro domin akwai riba. Doka na iya goge lambar da ke jikin kaya, amma ƙarancin da ya haifi lambar yana nan inda yake.

Mu ɗauki siminti. A ce kamfanoni uku ke yin sa, kuma buhu yana 100 a kasuwa. Na farko yana da sabbin injuna, buhu yana tsaya masa a 60. Na biyu a 80. Na uku yana nesa da inda ake haƙo dutse, kuɗin dako ya kai nasa 95. A kan 100 duk ukun suna aiki, ko da na ukun da ƙyar yake tsira da uwar kuɗinsa. Sai hukuma ta ce daga yau buhu 70. Na farko zai ci gaba. Sauran biyun kuwa, kowane buhu suka fitar faɗuwa ce, don haka za su kashe injin, ko su nemi wata ƙasa su kai kayan. A daidai wannan lokaci, mutanen da suka jingine gini saboda tsada sun ji an ce 70, sun fito da kuɗinsu. Masu nema sun ƙaru, siminti ya ragu. Wannan giɓin ba sharrin wani ba ne, lissafi ne ya kawo shi. (Da hukumar 120 ta ce, babu abin da zai motsa, domin iyakar da ke sama da farashin kasuwa ba ta taɓa kowa.)

To yanzu buhu ɗaya ne, mutum uku ke so, kuma an hana kuɗi raba gardama. Dole wani abu ya raba. Wani lokaci layi ne: wanda ya kwana a ƙofar dila shi ke samu, ya biya 70 da kuɗi, ya biya sauran da yininsa, yinin da zai yi sana'a ya ci da iyalinsa. Wani lokaci sanayya ce, kayan su tafi ga ɗan'uwan mai rabo da wanda ke da hanya. Wani lokaci a ce maka ya ƙare ta ƙofar gaba, a sayar maka ta ƙofar baya, wato kasuwar bayan fage, inda farashin kan zarce 100 ɗin farko, tun da kayan sun ragu kuma mai sayarwa ya ɗora ladan kasadar kamu. Akwai ta huɗu, wadda ta fi wuyar ganewa: farashi ya tsaya yadda doka ta ce, amma a tauye buhun ko a yi masa algus. A duk hanyoyin nan huɗu, ka duba wa ya fi iya jurewa. Mai kuɗi zai aiki yaro ya bi masa layi, yana da wanda zai buga wa waya. Talaka ba shi da ko ɗaya. Wannan ne ya fi ci mini rai a lamarin.

Abin ba sabo ba ne. A shekara ta 301 Sarkin Rum Diyokiletiyan ya fitar da doka da ta yanka farashin kaya da ayyuka sama da dubu, hukuncin wanda ya saɓa kisa ne. Kaya suka ɓace daga kasuwa, dokar ta mutu ba da jimawa ba. Faransa ta gwada a 1793 lokacin juyin juya hali, ta janye a ƙarshen 1794.

Wanda ya fi kusa da zamaninmu shi ne na Amurka. Ranar 15 ga Agusta 1971 Shugaba Nixon ya daskarar da farashi da albashi na kwana 90, jama'a kuma suka yi murna da farko. Aka yi ta sabunta tsarin ta fuskoki daban-daban. A 1973 an daskarar da farashin naman kaza a kanti alhali abincin kaji yana ta hawa, har aka nuna masu kiwo a talabijin suna hallaka 'yan tsaki, domin ciyar da su har su girma asara ce tsagwaronta. A Oktoban wannan shekara ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka sa wa Amurka takunkumi. Da yake an hana farashin fetur tashi yadda ƙarancin ya kai, sai layukan motoci suka miƙe a gidajen mai, wasu jihohi suka koma raba ranakun shan mai bisa lambar mota, masu mara yau, masu cika gobe. Ba a gama cire hannu daga farashin mai ba sai Janairun 1981.

Kuɗin haya ya fi wannan sarƙaƙiya, domin a nan akwai waɗanda suke amfana da gaske, kuma ba adalci ba ne a ɓoye hakan. A 1994 birnin San Faransisko na Amurka ya faɗaɗa dokar ƙayyade haya zuwa ƙananan gidajen da aka gina kafin 1980. Masana uku na Jami'ar Stanford, Diamond da McQuade da Qian, sun bi diddigin abin da ya biyo baya, suka wallafa a 2019. 'Yan hayar da dokar ta same su a ciki sun samu zama daram, ba a tashe su ba, musamman tsofaffi da waɗanda suka daɗe a unguwa. Amma masu gidajen da abin ya shafa sun rage gidajen da suke bayarwa haya da kashi 15 cikin ɗari. Wasu suka sayar, wasu suka rushe suka yi sabon ginin da doka ba ta hau kansa ba. Masanan sun ƙiyasta cewa hayar birnin baki ɗaya ta tashi da kusan kashi 5 cikin ɗari. Wanda ke ciki ya samu sauƙi, wanda zai zo neman ɗaki gobe ya biya masa.

Iyaka ta ƙasa kishiyar haka take haifarwa, wato rara. Ƙasashen Turai, a tsarin noma na bai ɗaya da suka fara a 1962, sun yi wa manomansu alkawarin farashi mai tsoka, hukuma na saye duk abin da kasuwa ta bari. Manoma suka duƙufa, man shanu da madarar gari suka cika rumbunan gwamnati har ana kiran su tsaunuka, daga baya a 1984 aka koma yanka wa kowane makiyayi iyakar madarar da zai fitar.

Mafi ƙarancin albashi kuwa shi ne wurin da bai kamata a yi saurin yanke hukunci ba. A lissafin farko, idan aka ɗaga ladan aiki sama da na kasuwa, masu ɗaukar ma'aikata za su rage hannu. To a 1992 jihar New Jersey ta Amurka ta ɗaga nata daga dala 4.25 zuwa 5.05 a awa, maƙwabciyarta Pennsylvania ba ta taɓa nata ba. Masana tattalin arziki David Card da Alan Krueger suka kwatanta gidajen abinci kusan 400 a ɓangarorin biyu, ba su ga aiki ya ragu a New Jersey ba. An yi ta muhawara a kan binciken, amma ya sauya tunanin masana da yawa, kuma Card ya samu kyautar Nobel a 2021. Ɗaya daga cikin bayanan da ake bayarwa shi ne, inda masu ɗaukar aiki suka yi kaɗan, ma'aikaci ba shi da wurin gudu, to dama ana biyansa ƙasa da ƙimar aikinsa, ƙarin kuma daga ribar mai gida yake fita. Wannan bai nuna ko nawa aka ɗaga babu komai ba. Ƙari madaidaici daban, ninki uku daban.

Nan ne gizo ke saƙa. Misalin siminti ya ginu ne a kan cewa akwai gasa, kuma tsadar daga ƙaranci na gaskiya ta fito. Idan mutum ɗaya ya yi babakere, ko 'yan kasuwa suka haɗa baki, to shi da kansa yake rage kaya don farashi ya hau. A ce kamfanin da buhu ke tsaya masa a 60 shi kaɗai ne a fage, yana sayarwa 130. Idan aka tsayar da shi a 90, riba tana nan, kuma dabarar ɓoye kaya ba ta da sauran amfani, tun da ko ya ɓoye ba zai samu fiye da 90 ba. Yanzu ribarsa na cikin yawan abin da ya sayar. A irin wannan hali doka na iya sauke farashi ta kuma ƙara kaya. Shi ya sa ƙasashe da dama, har masu tutiyar sakin kasuwa, suke da hukumomin da ke yanka kuɗin ruwan famfo da na layin wutar lantarki, domin ba a jan bututu biyu zuwa gida ɗaya don a yi gasa.

Malaman Musulunci sun daɗe da rarrabe waɗannan hali biyu. Anas bin Malik ya ruwaito cewa kaya sun yi tsada a Madina, aka roƙi Manzon Allah (SAW) ya yanka farashi, bai yi ba, ya nuna cewa Allah ne Mai yanka farashi, kuma yana fatan ya gamu da Ubangijinsa babu mai bin sa haƙƙin jini ko na dukiya. Ibnu Taimiyya, wanda ya rasu a 1328, ya yi bayani cewa idan tsada ta zo ne saboda kaya sun yi kaɗan ko mutane sun yi yawa, tilasta wa ɗan kasuwa wani farashi zalunci ne. Amma idan masu kaya suka ƙi sayar da abin da jama'a ke matuƙar buƙata sai da ƙazamar riba, hukuma na da ikon tilasta musu farashin da ya dace. Abin da za a fara bincika ke nan, wato musabbabin tsadar, kuma aiki ne mai wuya, domin rumbun mai ɓoye kaya da na mai ajiya don lokacin rani kamarsu ɗaya daga waje.

Akwai kuma lokacin yaƙi. Birtaniya ta riƙe farashin abinci a yaƙin duniya na biyu, amma ta haɗa da katin rabo tun daga Janairun 1940, kowa da kasonsa a rubuce. Ta san ƙarancin na nan, sai ta zaɓi ta raba shi daidai maimakon ta bar wa layi da sanayya. Ba a gama cire rabon ba sai 1954.

Mutane kan haɗa ƙayyade farashi da tallafi, alhali ba ɗaya ba ne. A tallafi, ka sayi buhu 70, gwamnati ta cika wa kamfani 30 daga baitulmali, don haka injin ba ya tsayawa. Cikon yana nan, amma a rubuce yake cikin kasafi, ana iya ganinsa a tambayi ko ya fi asibiti ko makaranta amfani. Illarsa ita ce mai gina bene goma ya fi mai gyaran ɗaki ɗaya cin moriyarsa, kuma idan maƙwabta na sayarwa da tsada, kayan kan bi dare su tsallaka iyaka. Ni a ganina, inda babu babakere, gara a bar farashi ya faɗi gaskiyar ƙarancin, a buɗe hanyar ƙaro kaya, sannan a miƙa taimakon kai tsaye ga mai ƙaramin ƙarfi. Shi ma wannan yana da nasa sharaɗin: sai da rajista ta gaskiya ta waɗanda suka cancanta, da hanyar da kuɗin zai isa hannunsu cikakke kuma a kan lokaci, kafin tsadar ta riga shi zuwa.