Mece ce sanarwar manema labarai, kuma me ya raba ta da talla?

Duk mai sauraren labaran rediyo ya saba jin an ce, "cikin wata sanarwa mai ɗauke da sa hannun kakakin rundunar, wadda aka raba wa manema labarai." Yawan fitowarta daga 'yan sanda da ma'aikatun gwamnati ya sa mutane suka ɗauka kayan hukuma ce. Alhali mai injin casar shinkafa a Kura, ko mai ɗinkin takalma a Ƙofar Wambai, shi ma yana iya rubuta tasa.

Ita dai gajeriyar takarda ce, galibi shafi guda, da kamfani ko ƙungiya ke rubutawa a kan wani sabon abu da ya shafe su, cikin sigar labari, su aika wa gidajen jarida da fatan za a ɗauka.

Ruɗanin daga kalmar "sanarwa" yake tasowa, don kaya biyu take ɗauke da su a bakinmu. Akwai sanarwar ɗaurin aure, ta rasuwa, da cigiyar yaro ko akuya. Wannan sashen kasuwanci na gidan rediyo ake kai wa, ka biya, a ba ka rasit, a karanta ta yadda ka rubuta, har sau adadin da kuɗinka ya kai. 'Yar'uwar talla ce. Ta manema labarai kuwa ɗakin labarai take zuwa, gaban edita. Ba ka biya ko kwabo ba, saboda haka ba ka bin sa bashi. Yana iya yanke rabinta, ya sauya kanun, ya kira abokin gasarka ya ji ta bakinsa, ko ya tura ta kwandon shara. Abin da kake samu a madadin wannan kasada shi ne yarda: mai sauraro ya san talla yabon kai ce, amma abin da ya ji cikin labarai yakan riƙe shi da hannu biyu.

Ana danganta asalin al'adar da wani Ba'amurke, Ivy Lee. A watan Oktoban 1906 jirgin ƙasa ya faɗa ruwa daga kan gada a Atlantic City, mutum sama da 50 suka mutu. Kamfanonin jirgi na lokacin sun saba rufa-rufa, amma Lee ya shawo kan kamfanin Pennsylvania Railroad ya fitar da bayani a rubuce tun kafin jita-jita ta bazu, jaridar New York Times kuma ta buga bayanin yadda yake.

To me ke sa edita ya ɗauka? Tambaya ɗaya yake yi wa kowace takarda: ina labarin? A ce wata hajiya mai kamfanin man gyaɗa ta rubuto, "Kamfaninmu mai albarka, wanda babu kamarsa a faɗin Arewa, ƙarƙashin jagorancin jajirtacciyar shugabarmu, yana farin cikin sanar da ɗaukacin al'umma..." An cinye layi uku ba a faɗi komai ba, kuma hannun edita ya riga ya kai kan takarda ta gaba. A ce kuma ta fara da, "Kamfanin man gyaɗa kaza zai buɗe sabon inji a Dawanau ranar Litinin, zai ɗauki mata 40 aiki, zai riƙa sayen gyaɗa kai tsaye daga hannun manoma." Yanzu an san wa, zai yi me, a ina, yaushe, kuma wa zai amfana. Kirari a bar wa maroƙa ranar buɗewa.

'Yan jarida suna kwatanta wannan tsari da dala a kife: mafi nauyi a sama, ƙananan bayanai su biyo baya, tarihin kamfani can ƙarshe. Dalilin na aiki ne. In fili ya ƙure, daga ƙasa ake datsewa, a rediyo kuma labarin da ya samu minti guda ya yi sa'a. Wanda ya ɓoye tsokar a sakin layi na biyar, romo kawai za a watsa masa.

Ana sa maganar mutum guda daga kamfanin, da cikakken sunansa da muƙaminsa, amma ta zama irin wadda baki ke iya furtawa. Ni dai da na ga "muna matuƙar alfahari" sai in tsallake. Gara hajiya ta faɗi buhu nawa injin ke matsewa a yini, ko abin da ya sa ta bar aikin gwamnati ta kama sana'ar ƙuli-ƙuli.

Wani kuskuren da ake yawan yi a nan shi ne harshe. Mutum abokan cinikinsa Hausawa ne, sai ya aika wa Aminiya ko Freedom Radio sanarwa da Turanci zalla, ya ɗora wa ɗan jarida aikin fassara, gobe ya zo yana ƙorafin an sauya masa magana. Rubuta ta Hausar da kanka. Haka masu ɗaukar hoton takarda su tura ta WhatsApp: wa zai zauna ya sake buga ta harafi-harafi? A tura rubutun da za a iya kwafa, da hoto ɗaya mai kyau na injin yana aiki, ba na manya a jere kan kujeru ba.

Batun "kuɗin mota" da ake cusawa a ambulan kowa ya san da shi. Yana iya sa a buga, amma abin da aka buga ya tashi daga labari, ya koma tallar da ba ta da rasit.

A ƙasan takardar a sa kwanan wata, da suna da lambar wanda za a tuntuɓa. In ba a so labarin ya fita kafin wata rana, a rubuta haka ɓaro-ɓaro a sama. Lambar kuma ta kasance ta mai ɗaga waya, don ɗan jarida yakan kira ne ana saura kaɗan a shiga labaran yamma, yana neman tabbatar da adadi guda. In ya ji ta a kashe, labarin wani zai saka a gurbin.