Waiwaye: Yadda Bitar Marubuta Ta Gaji Aikin Da Ba Nata Ba

Kwanakin nan zaurukan marubuta na Gombe ba sa rabo da muhawara, kuma duk a kan bita ce. Wani zai sanya sanarwa cewa za a yi kwana uku ana koyar da dabarun rubuta gajeren labari ta WhatsApp, kuɗin rajista kaza, a ƙarshe kowa ya samu takardar shaida. Kafin la'asar an rabu gida biyu. Wasu su ce wanda ya ɓata lokacinsa da datarsa yana koyarwa ai dole a biya shi. Wasu su ce an mayar da bita sana'a, takardun shaida sun cika wayoyi amma har gobe ana rubuta "yace" a haɗe. Tarukan da ake yi a ɗakin taro ma ba su tsira ba, ana cewa jawabi ya fi koyarwa yawa.

Matasa da dama sun ɗauka wayar hannu ce ta kawo wannan matsala. Matsalar ta girmi WhatsApp nesa ba kusa ba.

Farkon labarin sananne ne, don haka ba sai an daɗe a kansa ba. A 1933 Hukumar Fassara da ke Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar ƙagaggun labarai, kuma cikin littattafan da suka fito daga gasar har da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda a lokacin malami ne a Midil ta Bauchi. A 1936 Abubakar Imam ya koma Zariya na wasu watanni, yana rubutu East yana dubawa, har aka samu Magana Jari Ce. A shekarun 1940 malamai irin su Sa'adu Zungur da Aminu Kano da shi Tafawa Ɓalewa suka riƙa zama a zauren tattaunawa na Bauchi, ana kawo batu ana fafatawa, lokacin Gombe tana cikin Lardin Bauchi. Aka yi zamanin kamfanin ɗab'i na Gaskiya da hukumar adabi ta Arewa, NORLA, aka kafa kamfanin buga littattafai na Arewa, NNPC, a 1966, aka yi gasa a 1978 da wata a 1982. A 1981 kuma Chinua Achebe ya jagoranci kafa ƙungiyar marubuta ta ƙasa, ANA, mai babban taro duk shekara.

Duk tsawon wannan lokaci, tsakanin marubuci da injin ɗab'i akwai mutum a zaune da jan biro. Ya karanta rubutunka daga bismilla har tammat, ya soke wani wuri, ya ce ka sake wani, ya dawo maka da shi. A wurinsa ake koyon rubutu, ko da ba a kira abin bita ba.

A ganina, inda al'amari ya juya shi ne tsakiyar shekarun 1980, kuma an fi tuna wannan lokaci da abin da ya ƙaru, an manta da abin da ya ɓace. Abu biyu suka yi karo. Yaran da shirin ilimin firamare kyauta na 1976 ya kwasa zuwa makaranta sun fara tasawa, sun iya karatun boko, suna neman abin karantawa da harshensu, wasunsu kuma hannu yana musu ƙaiƙayi. A daidai wannan gaɓa darajar naira ta fara zubewa, musamman daga 1986, takarda da tawada da ake shigowa da su suka yi tsada, manyan kamfanonin ɗab'i suka karkata ga littattafan makaranta waɗanda cinikinsu ke da tabbas. Wato ranar da masu son rubutu suka fi yawa, ranar ce ƙofar edita ta rufe.

Marubuta ba su zauna jira ba, kuma sun cancanci yabo a kan haka. Amma a duba hanyar da littafi ya koma bi. Mutum zai cika littafin rubutu irin na 'yan makaranta guda uku ko huɗu, ya kai wa mai tafireta, daga baya mai kwamfuta, wanda shafi-shafi ake biyansa, don haka saurinsa shi ne ribarsa. Daga nan sai maɗaba'a, sai mai zanen bango, sai kasuwa. A duk wannan layi babu wanda aikinsa shi ne ya karanta labarin ya ce nan ya yi, nan bai yi ba. Shawara ɗaya da marubuci ke samu daga ɗan kasuwa take zuwa: a raba littafin kashi biyu ko uku, a tsaya inda mai karatu zai matsu ya sayi na gaba. Ban ga laifin ɗan kasuwa ba, abin da ya sani ya faɗa.

Mu a nan gabas abin ya fi yi mana ciwo. Kasuwar littafi tana Kano. Marubucin Gombe sai ya yi sammako ya bi ta Dukku da Darazo, ya wuni a mota, ya miƙa rubutu da kuɗi, ya juyo. Komawa duba kurakurai kafin a buga wata tafiyar ce da wani kuɗin motar, shi ya sa da yawa ba su koma ba, sai dai su ga littafinsu a ɗaure cikin kwali, sunan tauraruwa ya canja a tsakiyar labari. Ga kuma batun harshe. Da yawanmu da Fulatanci ko Teranci ko Tangale ko Waja muka buɗe baki, Hausar Bauchi da Gombe kuma tana da nata hali, ba ta cika damuwa da bambanta "ne" da "ce" ba. Ina ya kamata a daidaita, ina ya kamata a bar tsohuwa ta yi magana da bakin garinsu? Wannan hukunci ne da ake yankewa jimla bayan jimla. Muƙala ba ta iya yanke shi.

A shekarun 1990 an yi ta tafka muhawara a jaridu kan abin da aka laƙaba wa suna adabin kasuwar Kano. An yi maganar soyayya, an yi maganar tarbiyya, an yi ƙorafin kurakurai ma, sai dai kusan duk an jibga su a kan marubuta, kamar su kaɗai ne a duniya ake sa ran su tace kansu da kansu. Kujerar edita da ta zama wayam ba ta samu rabin wannan surutu ba.

Marubutan da kansu ne suka fara cike gurbin. A Kano ƙungiyoyi irin su Raina Kama da Kukan Kurciya suka taso, rassan ANA suka riƙa zaman karatu. Bayan an ƙirƙiro Jihar Gombe a 1996, mu ma mun ɗan taɓa irin namu. Aji ne na wata firamare, ranar Lahadi bayan la'asar, ba mu kai goma ba. Ba rajista, ba lemo, amma ba ka zama sai da shafi a hannunka. Akwai wani dattijo, tsohon malamin Hausa, da ke zuwa a kan kekensa. Ranar da na karanta nawa, sai ya ce, "Yaro, wannan sarkin naka tun shafi na biyu yake tsaye a ƙofar fada, yaushe za ka ba shi wuri ya zauna?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ai mantawa na yi da shi." Aka yi dariya. Har yau ba na barin mutum a tsaye cikin labari. Zaman bai daɗe ba, aure da canjin wurin aiki suka watsa mu, domin ba abin da ke riƙe da shi sai ganin dama.

Abin da ya biyo baya kowa ya gani. Bayan 1999 salon taron otal ya shigo ko'ina, ya iso ga marubuta: uban taro, babban baƙo, baƙo mai jawabi, jaka da biro, kuɗin mota. Sai waya ta zo, kowa ya zama maɗaba'ar kansa, kana rubuta shafi da dare kafin asuba an karanta an ce "Allah ya ƙara basira, muna jiran ci gaba." Ko mai kwamfutar nan da yake ɗan gyara maka ƙa'idar rubutu idan ya ga dama, shi ma an tsallake shi. Da gasanni suka dawo da ƙarfi, musamman Hikayata ta BBC Hausa daga 2016, sai ƙishirwar koyo ta tashi, wanda abin farin ciki ne. Gasa dai alƙalanci take yi, ba a ɗora mata ta mayar wa kowa rubutunsa da gyara ba. Masu bita suka shigo nan.

Ba na cikin masu cewa bita ba ta da amfani. Na san waɗanda a can suka fara jin bambancin jigo da salo, a can suka samu abokan rubutu, mata da yawa kuma da ba za su iya zuwa ajin firamare ranar Lahadi ba sun samu ƙofa ta waya. Amma mai koyarwa ɗaya da ɗalibai ɗari biyu a zaure, cikin kwana uku, iyakarsa ya yi bayani ya ba da misali. Ana zuwa masa da buƙatar da edita ke biya cikin watanni, idan bai biya ba a ce ya ci kuɗin mutane. Kuma tun da sharaɗin shiga ya tashi daga shafi ya koma rajista, ana iya gama bita uku ba tare da wani ya ga jimla ɗaya ta mutum ba.

A wani taro da na halarta bara a nan cikin gari, wata yarinya daga Kumo ta zo da rubutunta a leda, an buga shi a kwamfuta. An buɗe taro da addu'a, an gabatar da manyan baƙi, an yi muƙala biyu masu kyau, lokacin tambayoyi ya ƙure saboda azahar. Da ana watsewa ta tare ni a bakin ƙofa, jakar taro a kafaɗa, takardar shaida a hannu, ta ce, "Baba, don Allah wa ake ba wa ya duba?" Na waiga, kowa yana neman takalminsa. Na karɓa. Shafi 84 ne, ina kan na 19.