Waiwaye: Yadda Makiyayan Mongoliya Suka Koma Bakin Birni

Kafin 1990, makiyayin Mongoliya ma'aikacin gwamnati ne. Mulkin gurguzu ya tattara dabbobi ƙarƙashin ƙungiyoyin haɗin gwiwa da ake kira negdel tun ƙarshen shekarun 1950. Yawancin dabbobin ba naka ba ne, amma motar da za ta kwashe kayanka in za a tashi, da likitan dabbobi, da harawar hunturu, da makarantar kwana ta yara, duk gwamnati ke bayarwa.

Da gurguzu ya rushe, sai aka raba dabbobin ga jama'a a 1991 da 1992. Kowa ya zama mai garke, amma tallafin nan ya tafi. Filin kiwo kuwa tsarin mulkin 1992 ya bar shi na ƙasa, wato na kowa. A nan gizo ke saƙar. Kasuwar ulun akuya mai laushi, wanda China ke saye, ta sa kowa ya karkata ga awaki, su kuma awaki har saiwar ciyawa suke tumɓukewa. Dabbobi sun tashi daga kimanin miliyan 25 a 1990 zuwa kusan miliyan 70 a 2019, abin da ya sa aka dawo da harajin kan dabba, irin jangali, a 2021.

Sai kuma dzud: fari da bazara, sannan hunturu mai ƙanƙarar da ke rufe ciyawa. Tsakanin 1999 da 2002 ya kashe dabbobi wajen miliyan 11. Ya sake dawowa a 2009 zuwa 2010, da kuma 2023 zuwa 2024.

Wanda garkensa ya ƙare a dare ɗaya, sai ya naɗe ger, tantinsa mai zagaye na ulu, ya nufi Ulan Bato, babban birnin ƙasar, inda kusan rabin mutanen ƙasar ke zaune yanzu. A kafa tanti a gefen tudu, a zagaye da katako, ruwa sai an sayo a kura, murhun gawayi na ci dare da rana, hayaƙi ya lulluɓe gari.

Waɗanda suka rage a daji ba su ƙi zamani ba. Babur ya karɓi aikin doki wajen kora, faifan sola na jingine a ƙofar ger, farashin ulu kuma a waya ake jinsa. Sai dai da an buɗe makaranta, uwa da yara kan koma gari, a bar maigida shi kaɗai da garke har hunturu ya wuce.