Me Ya Sa Ruwa Da Mai Ba Sa Ga Maciji Da Juna?

Tambaya: Idan aka zuba man gyaɗa a ruwa sai ya taso sama. Rashin nauyi ne ya hana su gauraya?

Amsa: A'a, kuma a nan mutane da yawa suke kuskure. Rashin nauyi ne ke sa mai ya zauna a sama, amma ba shi ya raba su ba. Duba sifirit ɗin da ake goge fata da shi kafin allura: ya fi man gyaɗa rashin nauyi, amma ko nawa ka zuba a ruwa sai ya saje da shi. Abin dubawa shi ne yadda ƙwayoyin kowane abu, wato 'yan mitsi-mitsin ɓangarorin da suka haɗu suka yi shi, suke riƙon juna.

Tambaya: Wane irin riƙo?

Amsa: Kowace ƙwayar ruwa tana da zarrar oksijin ɗaya da haidirojin biyu. Oksijin akwai handama: yana janye ilektron ɗin da suka yi tarayya a kai, wato 'yan ƙananan abubuwa masu cajin lantarki na nagatif, zuwa wajensa, sai gefensa ya ɗan ɗauki cajin nagatif, gefen haidirojin kuma fozitif. Ƙwayar a lanƙwashe take, kusurwarta kusan digiri 104.5, saboda haka ta zama kamar batir mai kai da gindi. Kan wannan ya kama gindin waccan, wannan kamu shi masana kimiyya ke kira ɗaurin haidirojin.

Mai kuwa dogayen sarƙoƙi ne na kabon da haidirojin, ba kai ba gindi, ba inda ruwa zai kama. Sai ƙwayoyin ruwa su riƙe 'yan uwansu, su matse baƙon waje. A ganina ana ɗora wa mai laifin da ba nasa ba, ruwa ne ke da 'yan-ubanci.

Tambaya: To gishiri da sukari fa?

Amsa: Gishiri sodiyam ne mai cajin fozitif da kuloraid mai nagatif. Ƙwayoyin ruwa kan yi musu zobe, su ɓanɓare su ɗaya bayan ɗaya. Amma da iyaka: ruwa mililita 100 ba ya narkar da fiye da kimanin giram 36, ko an tafasa shi kaɗan ne zai ƙaru. Sukari yana ƙulla ɗaurin haidirojin da ruwa ta wurare da yawa, shi ya sa ruwan nan zai sha kusan giram 200, idan da zafi ma fiye. Mai shayi ya san haka.

Tambaya: Me ya sa bakanike ke wanke hannu da kalanzir ko fetur?

Amsa: Baƙin mai da kalanzir dangi ne, duk ba su da kai da gindi, sai ɗaya ya narkar da ɗaya. Sai dai suna kwashe maiƙon fata har ta bushe ta tsage. Sabulu ya fi: ƙwayarsa tana da wutsiya mai shiga maiƙo da kai mai kama ruwa. Wutsiyoyin su kewaye ɗigon mai, ruwa ya ja kawunan, dattin ya bi.

Tambaya: Barkono ya ƙona mini baki, na sha ruwa bai yi ba. Me ya sa?

Amsa: Sinadarin yajin, kafsaisin, a maiƙo yake narkewa, ruwa sai dai ya ƙara baza shi a baki. Nemi madara ko kindirmo, ka ɗan riƙe a baki kafin ka haɗiye.